Dokin da ka bayar zai dawo: wane salon sadaukar da keima za ka ɗauka a shogi?

Wanda ya shigo shogi, darar Japan, daga wasan ces, abin da ke fara ba shi mamaki shi ne ƙuncin hanyar doki. Dokin ces yana da gida har takwas da zai iya dira. Na shogi, wanda Japanawa ke kira keima, gida biyu kacal gare shi: ya tsallaka biyu gaba, ya karkata ɗaya dama ko hagu. Ba ya ja da baya, ba ya zuwa gefe. Tsalle uku ya kai shi cikin gidan abokin karawa, amma gidan da ke gaban hancinsa ba ya iya tsare shi, don haka soja guda ya isa ya tare shi ya cinye. Japanawa na da karin magana a kan wannan, keima no takatobi fu no ejiki, wato dokin da ya cika tsalle abincin soja ne.

Duk da wannan gargaɗi, akwai buɗe-wasa da dama da aka gina su kacokan a kan tura doki gaba da wuri, a bar shi a ci. Guda huɗu ne mai wasa a intanet zai fi cin karo da su, kuma ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Kafin in jera su, akwai abu ɗaya da nake so ya zauna a ran mai karatu, domin da shi na auna su duka. A shogi abin da aka ci ba ya mutuwa. Yana komawa hannun wanda ya ci shi, ya dasa shi a kusan duk gidan da ba kowa a ciki a matsayin nasa. A wani lissafi da ake koya wa masu farawa, soja maki 1 ne, mashi 3, doki 4, azurfa 5, zinariya 6, kaku mai tafiya a karkace 8, hisha mai tafiya miƙe 10. In ka ba da doki, ka rasa 4, shi ya ƙaru da 4, tazara ta zama 8. Kuma doki a hannu ya fi doki a kan allo haɗari nesa ba kusa ba, tunda babu mai tare shi a hanya: daga sama zai faɗo inda zai kama abu biyu lokaci guda. Saboda haka tambaya biyu nake yi wa kowane salo. Me zan samu ko da abokin karawata bai yi kuskure ba? Kuma a ina wannan dokin zai sauka a kan sarkina?

Ga yadda ake kiran gidaje, don mu fahimci juna. Allon gida 81 ne, tara sau tara. Lamba ta farko layin tsaye ce, ana ƙirgawa daga hannun daman wanda ya fara wasa. Ta biyu sahun kwance, ana ƙirgawa daga can ɓangaren abokin karawarsa. Wanda ya fara shi ne sente, na biyu gote. Dokin sente na dama yana 2-9, na hagu yana 8-9.

Onigoroshi, mai kashe dodo

Shi ne ya fi suna, kuma shi ne sabon ɗan wasa ke fara ɗauka, domin yana ba da nasara cikin mintuna. Sente ya tura soja 7-6, gote 3-4, sai doki ya hau 7-7, daga nan ya dira 6-5. Taki uku ke nan na sente, doki ya riga ya kai tsakiyar fili yana hangen 5-3 da 7-3. Duk mai hankali zai so ya tsare 5-3, kuma hannu da kansa yake kai wa ga azurfa, a sa ta 6-2. Siffar tana da kyau a ido. Nan tarkon yake.

Sente ya tura soja 7-5. Gote ya ga doki ba shi da wurin gudu, sai ya turo soja 6-4 don ya ci shi. Sai sente ya ci kaku a 2-2, azurfa ta rama, ya dasa kakun da ke hannunsa a 5-5. Daga wannan gida kakun na kallon azurfar 2-2 ta ɓangare ɗaya, sojan 6-4 ta ɗaya ɓangaren. Hishar gote da ya kamata ta tsare 2-2 ta sahu na biyu, azurfarsa ta 6-2 ta toshe mata hanya. In ya ɗaga azurfar zuwa 6-3 don ya buɗe hanyar ya kuma tsare sojan, ya saki 5-3, domin azurfa ba ta tafiya gefe. Doki ya shige 5-3, cikin gidan gote inda ake ƙara wa kaya girma, ya juye ya zama mai tafiyar zinariya. In kuma ya ceci azurfar 2-2, kaku ya ci sojan 6-4, doki ya tsira, sente ya kawo hisha 7-8 ya fasa ta 7-3.

Yanzu maimaita komai, amma a sa zinariya a 6-2 maimakon azurfa. Da kaku ya sauka 5-5, sai zinariya ta hau 6-3. Taki ɗaya, aiki huɗu: ta tsare 6-4 a gabanta, ta tsare 5-3 da 7-3 a gefenta biyu, ta kuma buɗe wa hisha hanya zuwa 2-2. Doki na nan a bakin soja, ba gaba ba baya. Sente ya yi asarar doki a banza, sarkinsa ko motsawa bai yi ba, ga kaku a hannun gote.

Bambancin azurfa da zinariya a gida ɗaya, shi ke nan rayuwar Onigoroshi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yonenaga Kunio, wanda ya taɓa riƙe kambun Meijin, ɗaya daga manyan kambunan ƙwararrun shogi, ya fito da gyararren salo da ake kira sabon Onigoroshi, amma asalin salon dai bai amsa tambayata ta farko ba: in ba a yi kuskure ba, ba abin da za ka samu. Shawarata a kansa gajeriya ce. Ka koye shi sosai don kada a yi maka, ka buga shi 'yan lokuta don ka ji yadda doki da kaku ke haɗa kai, sannan ka ajiye shi. Wanda ya hau matsayi da shi a wasan minti 3 na dandalin intanet na Shogi Wars zai kai wani mataki inda kowa ya san zinariyar 6-2, kuma a ranar zai ga bai koyi gina ganuwa ba, wato jera azurfa da zinariya su kare sarki, bai koyi tsakiyar wasa ba.

Ponpon-kei, sadaukarwa ta gaskiya

Nan zan daɗe, don shi ne na fi ba wa mai koyo shawarar ya ɗauka. Sunan daga sautin tsalle-tsallen dokin ya fito. Ana kuma kiransa shurin Tomizawa, saboda ƙwararren ɗan wasa Tomizawa Mikio da ya shahara da shi. Makami ne na musamman a kan shikenbisha, salon da gote ke kai hisharsa 4-2, ya rufe hanyar kaku da soja a 4-4, ya ajiye kaku a 3-3, sarki kuma ya tafi ɗaya ɓangaren ya shiga ganuwar Mino. Duk wanda ke buga shogi a shafukan intanet na 81Dojo ko Lishogi ya san yadda shikenbisha ke da yawa a tsakanin 'yan koyo, don haka dama ba za ta yi maka wuya ba.

Sente yana barin hisharsa a 2-8, soja a 2-5, sarki ya koma 7-8 cikin ƙaramar ganuwar da ake kira funagakoi, doki ya hau 3-7. Sai ya dira 4-5 ba tare da wani soja a bayansa ba. Kyauta ce a fili, sojan 4-4 zai ci. Amma da sojan ya matsa, dogon layin karkace ya buɗe. Kakun sente ya ci na gote a 3-3, dokin gote ya rama, kuma mai gadin 2-4 ya tafi. Soja 2-4, a ci, hisha ta ci. Ga hisha a sahu na huɗu tana shirin shiga gida ta juye ta zama ryu, dodon ruwan da ke tafiya miƙe ya kuma taka gida ɗaya a karkace. Ga mashin 1-1 ba mai tsaronsa.

Abin da ya raba wannan da Onigoroshi shi ne ba ka jiran kuskure. Ciniki ne da ido buɗe: doki a bakin ryu, da yiwuwar ɗaukar mashi a kai. Da ruwan ciki kan ja na rijiya. Amma cinikin na da sharaɗi, kuma wanda bai duba shi ba zai ba da doki ya tashi hannu wofi. Ka dubi azurfar gote ta hagu. In tana 4-3, ba ta iya komawa 3-3, dole doki ne zai rama, hanya ta buɗe maka. In kuwa har yanzu tana 3-2, ita za ta ci kakunka a 3-3, kuma daga nan tana tsare 2-4 daram. Gida ɗaya tsakaninsu, amma a ɗaya kana da hari, a ɗaya kana da asara. Na sha ganin ana yin tsallen nan don kawai an haddace shi, ba a kalli azurfar ba.

Akwai wani ƙaramin shiri da ake mantawa. Ba dole ba ne gote ya ci dokin. Yana iya kauda kakunsa. In ya ja shi 2-2, ya saki 2-4, kuma dokinka na nan yana hangen 5-3. Amma in ya kai shi 1-5, yana ci gaba da tsare 2-4, yana kuma leƙen cikin gidanka ta layin da ya ratsa 3-7 da 4-8. Tura sojan gefe zuwa 1-6 tun da wuri yana rufe wannan ƙofa.

Sai tambaya ta biyu, wadda nan ne ciwon salon yake. Bayan ƙura ta lafa, gote na riƙe da kaku da doki a hannu, sarkinsa cikin Mino, ganuwar da ta fi funagakoi ƙarfi musamman in hari ya zo daga gefe, kuma daga gefen ne ryu ɗinka zai zo. Kakunka ya bar 8-8, hisharka ta bar 2-8, dokinka ya bar 3-7, don haka layukan karkace biyu masu kaiwa ga mashinka na 9-9 da na 1-9 duk a buɗe suke ga kakun da za a dasa. Sojan da ya ci dokinka yana 4-5, taki ɗaya ya tunkari sojanka na 4-7, ya bar wa dokin 3-3 wurin dira. Dokin da ka bayar kuwa yana da gidajen da yake so: 6-6, inda yake kama sarki a 7-8 da zinariya a 5-8 tare, ko 8-6, inda yake yi wa sarki barazana ya janye sojan 8-7 da ke kare shi. Soja zai iya cinsa a wuraren biyu, amma duk sojan da ya fito, katanga ta tsage. Kaikayi ya koma kan masheƙiya ke nan in ba ka yi sauri ba.

To me ya sa nake son sa duk da haka? Don darasinsa a bayyane yake. Taki kaɗan za ka haddace, sauran duk shogi ne na gaske: yadda ake amfani da ryu, yadda ake dasa soja a juya shi a sa shi ya rarrafa zuwa ga zinariya, yadda ake ƙirga wa ya riga wa isa ga sarki. Ko ka sha kaye, za ka iya nuna takin da ya kayar da kai. A wasan ƙwararru ba kasafai ake ganinsa ba, amma a wasan minti 10 tsakanin masu koyo, riƙe ryu da wuri ba ƙaramin abu ba ne.

Dokin 4-5 a kakugawari

Wannan shi ne na zamani. Kakugawari buɗe-wasa ne da ake musayar kaku tun farko, kowa ya riƙe nasa a hannu. Da can a kan ɗauki lokaci ana jera azurfa da zinariya kafin a taɓa juna, kuma malami zai tsawata wa yaron da ya tura doki 4-5 shi kaɗai. Manhajojin kwamfuta ne suka sauya wannan tunani. A 2017 manhajar Ponanza ta doke Sato Amahiko, Meijin na lokacin, wasa biyu a jere, kuma a waɗannan shekarun ne ƙwararru suka koma bincike da na'ura, suka ga tsallen da aka raina yana da haƙori. Fujii Sota, wanda ya haɗa dukkan manyan kambuna takwas a Oktoban 2023, kakugawari na cikin manyan makamansa in shi ne sente.

A nan dokin 4-5 azurfar 3-3 yake kai wa hari, tare da 5-3. Sau da yawa a kan fara ba da soja a 3-5, don 3-4 ya zama fili ga hisha, kuma don a samu damar dasa soja a layi na uku daga baya, tunda doka ta hana sojoji biyu na mutum ɗaya a layi ɗaya. Azurfa na da zaɓi: ta hau 4-4 ta tsaya a kan hancin dokin, ko ta ja baya 2-2 ko 4-2 a shirya turo soja 4-4. Duk inda ta bi cikin ukun nan ta saki 2-4, hisha ta samu hanya. Daga nan tsere ne. Dokin ya san kwanansa a ƙirge yake, sai a yi ƙoƙarin cin moriyarsa kafin a ci shi, wani lokaci a jefa shi 5-3 da gangan don a janyo sarki ko zinariya zuwa inda kaku zai kama su.

Salon yana da inganci, ya amsa tambayata ta farko. Matsalarsa ita ce nauyi. Kowane zaɓin azurfa reshe ne daban, kuma matsayin sarki da na sojojin gefe na iya juya hukuncin reshen gaba ɗaya. Sarkinka bai shiga ganuwa ba, kaku na hannun abokin karawa, kuma shi ma yana da nasa tsallen zuwa 6-5. Kuskure ɗaya, wasa ya ƙare, ba a ba ka damar gyarawa. Wanda zai zauna da manhaja yana bin rassan ɗaya bayan ɗaya, yana sabunta iliminsa, wannan gonarsa ce. Wanda ke buga wasa biyu ko uku da dare bayan aiki, zai fi shan wahala da shi fiye da jin daɗi.

Dokin gefe: suzumezashi da tsarin Fujii

Sauran ukun gaggawa ce, wannan haƙuri ne. Suzumezashi, sukar gwara da mashi, ana danganta shi da Masuda Kozo, wanda har yau ake ba da lambar yabo da sunansa ga wanda ya kawo sabon salo. A kan ganuwar Yagura ake yinsa, inda sarkin gote ke zaune 2-2. Sente ya ɗaga mashi 1-7, ya sa hisha a bayansa 1-8, kaku a 7-9 yana hange ta karkace, doki a 2-5. Dukansu gida ɗaya suke kallo, 1-3. Sai doki ya faɗa ciki. In mashin gote ya ci, soja ya buge shi a ka a 1-4, ya ci, mashinka ya ci shi. Ka ba da doki, ka karɓi mashi, kuma layin gefe ya buɗe a kunnen sarki da hisha a bayansa.

A cikin huɗun, nan ne dokin da aka bayar ya fi rashin tasiri in ya dawo, domin kai ma ka riga ka gina Yagura taka kafin ka fara. Amma shirin a fili ake yinsa, taki bayan taki. Gote mai ido zai ƙi shigar da sarki 2-2, ya bar shi 3-1, ya kawo azurfa ta tare gefen, ya kai maka hari ta ɗaya ɓangaren alhali rabin rundunarka na cunkushe a lungu. Ƙari a kan haka, wasannin da kowa ke zama ya kammala Yagura sun ragu; har ƙwararre Masuda Yasuhiro ya taɓa cewa Yagura ta ƙare, maganar da ta tayar da ƙura.

Ɗan'uwansa shi ne tsarin Fujii, na Fujii Takeshi, wanda ya ci kambun Ryuo a 1998 da 4-0 a kan Tanigawa Koji ya riƙe shi shekara uku a jere. Mai shikenbisha ne ke yinsa, a nan shi ne sente, a kan wanda ke son cusa sarki a lungun 1-1, ganuwar anaguma: a bar sarki a gidansa na asali, a turo sojan gefe, doki ya dira 2-5 ya kori kaku ya hangi 1-3, a afka kafin ƙofa ta rufu. Yana da kyau ƙwarai, amma nauyin karatunsa ya kai na kakugawari.

To wanne?

Ka tuna ba kai kaɗai ke zaɓa ba. Ponpon-kei sai an kawo maka shikenbisha, suzumezashi sai an gina Yagura, kakugawari sai ku biyu kun yarda da musayar kaku. Don haka abin da za ka fara dubawa shi ne wane salo ka fi haɗuwa da shi a wasanninka na baya-bayan nan.

In kana barin hisha a gidanta kuma shikenbisha ce ke damunka, ɗauki ponpon-kei, ka riƙe sharaɗin azurfar 4-3 da sojan 1-6. In kai mai son gina ganuwa ne ka zauna ka tara ƙarfi, kuma kana buga wasa mai dogon lokaci, suzumezashi zai koya maka harin gefe, ilimin da zai yi maka amfani a kan Mino da anaguma ma, ko ba ka sake ganin Yagura ba. In ka kai matakin dan, matsayin gogaggun 'yan wasa, kana kuma da lokacin bincike, kakugawari na jiranka, amma ka fara da siffar da aka kammala shiri kafin ka koma ta gaggawa. Tsarin Fujii na wanda ya riga ya ƙware a shikenbisha ne. Onigoroshi kuwa, daga kujerar gote ya fi kamata ka san shi.

Duk wanda ka ɗauka, ga atisayen da ya fi taimaka mini. Ka buɗe allon nazari a Lishogi, ka buga salon har zuwa takin da aka ci dokinka, sannan ka juya allon ka zauna a wurin abokin karawarka. Ka ɗauki dokin nan ka gwada shi a kowane gida na sahu na biyar da na shida, kana duba abin da yake kamawa a ganuwarka. Gidajen da ka samu, ka rubuta su. In ka ga akwai wanda ba ka da amsarsa, ka ƙara taki ɗaya na tsaro kafin tsallen, ka sake bugawa daga farko ka ga ko harin ya ci gaba da aiki.